Tabaraun Abba

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Abbana bai iya karatu ba.

To, na rubuta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'Yar Rediyo da muke zama benci ɗaya tun aji ɗaya.

Ba wai sam bai iya ba. Yana gane sunansa, yana gane lamba tun daga nesa, in an ba shi lokaci zai bi layi ɗaya da yatsa har ya haɗa. Amma shafi guda sai ya kai shi azahar. Aji huɗu ya yi a firamare aka cire shi. Kuma shi ne Manajan Darakta na kamfanin katifa, mutum ɗari huɗu a ƙarƙashinsa, hotonsa a kalandar kamfani da baƙar kwat da biro a hannu.

Shekara ashirin Baba Sakatare ne yake karanta masa komai a ofis, ƙofa a rufe. Da Baba Sakatare ya rasu bara waccan aka kawo sabuwa, mai takalmi ƙwas-ƙwas, Abba bai saki jiki da ita ba. Sai ya koma kwashe duk abin da ke tiren teburinsa ya zuba a jaka ya taho gida. Umma ta gwada, amma ita in ta ci karo da doguwar kalma sai ta ce "da sauransu" ta wuce. Sai abin ya dawo kaina.

Kullum shida da kwata na safe, a ɗan ɗakin da muke ce wa ofis, zai ƙwala kira: "Ina Tabarau?" Ƙannena sun zaci lesin yake yi mini. Ni ce nake karantawa, shi ya rufe ido yana juya cokali a kofin shayi. Sau ɗaya tak. In ya je can zai faɗa musu abin da ke shafi na sha bakwai, har da kuskuren da suka yi. A kamfani cewa ake Yallaɓai a kan takarda yake kwana.

Ba ma wannan ne abin ba. Jiya ne abin.

Jiya cikin takardun akwai farar ambulan mai hatimin hukumar daraktoci. Na buɗe, idona ya riga bakina. Ya ce, "Ta mece ce?" Na ce, "Tallar masu inshora." Ya ce, "Jefar." Na sa ta cikin littafin soyayyar da nake karantawa, shafi na 112, inda jarumin yake tsaye a ruwan sama.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 11:10 na safe, laburaren makaranta

Na sake karanta ta. Sau huɗu ke nan.

An ce kowane babban jami'i ya kawo takardun shaidar karatunsa na asali gaban kwamiti, ranar Alhamis 27 ga wata, ƙarfe goma. An ce fayil ɗin Abba ya nuna yana da difloma a harkar kasuwanci. An ce wanda bai zo ba, bai kuma aiko da bayani ba, za a ɗauka ya ƙi ne, a yanke hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Dakta ce ta sa hannu, 'yar marigayi Mai Kamfani, wadda ta dawo daga waje ta hau kujerar babanta.

Abba ba shi da difloma. Ko takardar gama firamare ba shi da ita.

Dariya yake yi ranar. Auta ce ta zura ƙafa cikin takalmansa tana jan su a tsakar gida. Abin da na sani ke nan game da dalilina.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na karanta masa rahoton masu kai kaya. Shafi tara. Na je makaranta. Na dawo.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 3:15 na yamma

Malamar Turanci ta rubuta taken muhawarar wannan zango a allo: "Shugabannin kamfanoni sun fi sauran jama'a ilimi da ƙoƙari a makaranta." Ta juyo tana kaɗe alli daga hannu, idonta ya faɗo kaina.

Ta ce, "Ke za ki jagoranci masu goyon baya. A gidanku hujja take kwana."

Aji ya yi dariya. Ni da ko sunana aka kira a rajista sai an ce in ɗaga murya. Na ce, "Malama, ni ban iya magana ba." Ta ce, "Shi ya sa."

'Yar Rediyo ta zungure ni ta ce, "Ke kam kin huta. Ki ɗauko Abbanku a mota kawai ki ajiye shi a kan tebur, ki ce ga hujja, ki zauna." Ita an sa ta a ɓangaren masu adawa, tana ta murna. Ta ce babanta mai gyaran firji ne kuma shi ya zo na ɗaya a ajinsu shekara shida a jere, yanzu firjin na ƙarshen ajin yake gyarawa, har ya ce masa ranka ya daɗe.

Na yi dariya a inda ya kamata.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

A littattafaina duk jarumin shugaban kamfani ne. Shekararsa talatin, ya yi digiri biyu a ƙasar waje, shi ya zo na ɗaya, ba ya dariya. Yana sa hannu a takarda ba tare da ya duba ba saboda tunanin yarinyar ya hana shi. Da can wurin nan yana yi mini daɗi. Yau na karanta na ce, to shi wa yake karanta masa?

Ban wuce shafi na 112 ba. In na buɗe sai ambulan ta zamo.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 7:40 na yamma

Kawu Injiniya ya zo cin abinci. Ƙanen Umma ne, shi ke kula da injinan masana'anta, a ƙarƙashin Abba. Na tambaye shi batun muhawara don Umma ta ce in tambaye shi.

Ya ajiye cokali ya ce, "'Yata, ki rubuta. Na ɗaya a aji yana gyara inji. Na goma yana rubuta rahoto a kan injin. Na ashirin yana sa hannu a rahoton. Ɗan mai kamfani kuma ko ajin bai cika zuwa ba."

Umma ta ce, "Kai dai haushi ne."

Ya ce, "Yaya, ni na zo na ɗaya a jami'a, kin je bikin, kin yi kuka, hoton yana falonki. Jiya rabin yini na yi a ƙarƙashin injin yanka soso, mai yana ɗiga mini a kunne."

Abba ya ce, "Ai shi ya sa injin yake tafiya."

Sai Kawu ya ce, wai an fara raba takardu a bene na sama, kowa zai kawo satifiket. Umma ta tashi ta ce bari ta duba ruwa a wuta. Ba ruwa a wuta. Abba ya ci gaba da tauna, ya ce, "Na ji. Tawa ba ta zo ba tukuna."

Na ƙirga furannin da ke jikin ledar tebur. Talatin da ɗaya ne a gefena.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Yau kafin in fara ya ce, "Ba wata daga hukuma?" Na ce babu. Gaskiya ne ai. A jakar yau babu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Ba komai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Abba ya tafi da ni kamfani wai in samo hujjojina da idona.

Warin sinadari tun daga bakin get. Soso a jibge kamar burodi, kowane ya fi ɗakina tsayi. Mata a layi suna ɗinke rigar katifa, keken ɗinki wajen arba'in suna kuka tare, sai an sa baki a kunne ake magana. Duk inda ya wuce sai "Yallaɓai, Yallaɓai," shi kuma yana tambayar wannan ƙafar matarsa, wancan jarabawar ɗansa. Ya tsaya gaban wani soso, ya danna babban yatsa, ya saki, ya zuba masa ido yana tasowa. Ya ce, "Wannan a ware shi. Shekara ɗaya zai yi ya kwanta." Mai farar rigar ɗakin gwaji ya ce ai sun auna, daidai yake. Abba ya ce, "Sake aunawa, ɗana." Kafin mu tafi mutumin ya zo yana sosa ƙeya.

A bene na sama shiru, sai sanyin na'ura da kafet. Ƙofa bakwai, kowace da suna a jiki, bayan sunan haruffa reras. Na kwafa a littafina: shida masu digiri, biyu daga ciki suna da na biyu, ɗaya ma na uku yake haɗawa. Ƙofar Abba ce ta ƙarshe. Haruffa uku ne kawai a bayan sunansa, na difloma. Ban taɓa tambayar kaina wa ya sa su ba.

Sakatariya ta zo aiki duk da Asabar ce. Ta miƙe ta ce, "Yallaɓai, saƙon nan na farkon wata fa? An sake tambaya."

Ya ce, "Na gani. Ina nazari."

Haka yake ce wa kowa a kan komai. Shekara ashirin da wani abu da wannan maganar yake rufe kansa: na gani, ina nazari, sai gobe da safe a karanta masa. Ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

A mota ya sunkuyo don kada direba ya ji, ya ce, "Tabarau, wane saƙo take nufi?"

Na ce, "Na masu kawo sinadari mana. Wanda suka ce za su ƙara kwana."

Ya ce, "Au, wannan." Ya jingina.

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1:50 na rana

Na nuna wa Malama abin da na kwafo. Ta ji daɗi. Ta ce ka da in bari masu adawa su ja ni zuwa labarin wane da wane, in tsaya a kan matsakaici. Ta ce za su kawo mutum ɗaya da ya yi arziki bai yi makaranta ba, kullum haka suke yi, amma mutum ɗaya ba ya rushe lissafi. Ta ce yawanci sai da takarda ake hawa benen nan, ko da ba na ɗaya aka zo a aji ba.

Gaskiyarta. Na duba ta ko'ina, gaskiyarta ne.

Mutum ɗayan cokali biyu na sukari yake sa wa a shayi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6:55 na safe

Ba wata daga hukuma? Babu.

Talata, ƙarfe 4:40 na yamma

Saura kwana tara. Na yi wanki. Na goge kayan makaranta na sati biyu duk da ba a sa ni ba.

Na yi tunanin in mayar da wasiƙar cikin jakarsa kamar yau ta zo. To amma ni ce dai zan buɗe, ni zan karanta. Na yi tunanin in rubuta wa Dakta da sunansa in ce ba shi da lafiya. Na iya sa hannunsa, na sha gani. Har na fara, sai na ga na rubuta "zuciyata ta yi nauyi matuƙa." Abba ba zai taɓa faɗar haka ba. Na yaga.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Mun ci muhawara.

Ban san yadda aka yi ba. Na hau dandamali, na kalli agogon bangon zauren, na yi kamar shida da kwata ce, sai muryar karatun safe ta fito da kanta. Na ce na je da ƙafata wani babban kamfani, na ƙirga ƙofofin shugabanni, bakwai ne, kuma bakwai cikin bakwai masu takardar babbar makaranta ne.

'Yar Rediyo ta miƙe, hannu a ƙugu, ta ce, "Ina da tambaya ga 'yar Yallaɓai. Shi mai ƙofar ƙarshe, na nawa ya zo a ajinsu?" Zaure ya ɗauki ihu. Da wasa ta yi, na ga tana danne dariya.

Na ce, "Ban sani ba, bai taɓa yi mana alfahari da shi ba. Diflomarsa dai tana nan."

Aka tafa. Shugabar makaranta ma ta tafa. Aka ba ni ƙamus mai jan bango. 'Yar Rediyo ta rungume ni ta ce, "Munafuka, ashe da baki kike! Shekara biyar kina mana shiru-shiru." Ta ce sai na saya mata alewa na kunyar da na ba ta.

Ƙamus ɗin yana da nauyi. Shi kaɗai na ji.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe, ban shiga aji ba tukuna

Yau ba takardu da yawa. Ya ce tunda akwai lokaci in maimaita masa jawabin da na ci kyauta da shi, daga farko. Ya rufe ido kamar kullum.

Da na zo "bakwai cikin bakwai" cokalin ya tsaya.

Ya ce, "Shida."

Na kalli cokalin.

Ya ce, "Shida, Tabarau. Ke ma kin sani." Ba faɗa ya yi ba. Har ya ɗan yi murmushi. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce da dako ya fara a kamfanin, yana ɗaukar katifa huɗu a ka. Mai Kamfani ya ga ba ya mantuwa, ya mai da shi sito, daga sito ya tura shi kasuwa, a hankali har sama. Da za a ba shi manaja aka ce sai an cike fom. Mai Kamfani ya ce wa Baba Sakatare, "Rubuta masa difloma, ai ya fi masu ita." Abba ya ce yana tsaye a wurin. Ya ce, "Ban ce a rubuta ba. Ban ce ka da a rubuta ba. Na sa hannu."

Na ce, "Abba, to in sun tambaya fa?"

Ya ce, "Ai na shirya tun ranar da na ji an fara rabo. Zan sa kwat ɗina in je in zauna, in ce musu aji huɗu na yi, ga aikina na shekara talatin da ɗaya, ku auna. In sun ce tafi, in tafi da ƙafata. Abu ɗaya ne ba na so, a ce na ɓuya." Ya kurɓi shayi. Ya ce, "Amma kin ga, kowa an ba shi, ni ba a ba ni ba. Sati uku. Yarinyar nan, Dakta, kara ta yi mini. Ni nake kai ta makaranta a motar kaya lokacin ba su da direba, tana zama a kan cinyata tana danna hon. Ashe ba ta manta ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Ki daina cewa bakwai. Ƙaryata ce, ba taki ba, ka da ki gada."

Na ce to.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Na kwanta. Umma ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Ya wuni yana raha. Ya gyara wa Auta kekenta. Ya ce wa Umma ta ga, dama ya faɗa mata akwai sauran 'ya'yan mutunci a duniya. Umma ta ce Allah ya sa. Sau uku ta ce Allah ya sa.

A littattafaina in yarinya ta ɓoye wasiƙa, ruwa ne yake jiƙa ta, ko gobara ta tashi, ko wani ya tsinta ya karanta daidai lokacin da ya dace. Tawa tana nan fes. Ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 7:15 na yamma

Abba ya je ya yi wa Dakta godiya.

Da bakinsa ya faɗa mana, yana cire safa. Ya ce sun haɗu a bakin matakala, ga mutane, ya tsayar da ita ya ce, "'Yata, na gode da karamci. Allah ya jiƙan mahaifinki." Ya ce ta tsaya tana kallonsa kawai, ta ce, "Baba, haka ka zaɓa?" Ta wuce. Ya ce bai gane ba, amma yaran da suka zauna a waje haka suke, ba sa son a gode musu a gaban jama'a.

Ya tambayi Umma ko ya dace ya aika mata da katifar nan sabuwar fitowa, mai taushi biyu.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo. Ban yi kuka ba. Na tsaya ne dai har bokiti ya cika ya fara zuba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Kawu Injiniya ya zo da rana, Abba ba ya nan. Da kayan aikinsa ya zo, ko hannu bai wanke ba. Ina kicin ina yanka albasa, suna bakin ƙofa.

Ya ce, "Yaya, me mijinki yake yi ne? Duk kamfani ana cewa an ba shi takarda ya yi biris, sau biyu ana tuntuɓa yana cewa yana nazari. Jiya kuma ya tare ta a gaban mutane yana mata gatse da sunan ubanta. Masu son sa ma sun fara sunkuyar da kai. Matan ɗinki cewa suke ba halinsa ba ne."

Umma ta ce, "Ba a ba shi komai ba."

Ya ce, "Sakatariya ta rantse da hannunta ta sa a tire, tun farkon wata."

Na ci gaba da yanka. Albasar ta ƙare, na ɗauko wata.

Da ya tafi Umma ta shigo ta tsaya a bayana. Ta daɗe. Ta ɗauki wuƙar daga hannuna ta ajiye, ta ce albasar nan ta ishi gidan biki. Sai ta ce, "Littafin nan naki mai hoton ruwan sama. Ke da kike cinye littafi a kwana biyu. Sati uku ina gyara miki gado ina ganin sa a ƙarƙashin filo."

Na ce, "Ba shi da daɗi ne."

Ta ce, "To." Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Ni ban taɓa miki kaya ba. Ba kuma ni zan faɗa masa ba. Ni dai da nake masa karatu, abin da na kasa ne nake tsallakewa."

Talata, ƙarfe 7:30 na yamma

Ya dawo. Ya ci abinci kaɗan. Ya ce yau ko mai shara bai haɗa ido da shi ba, ko lafiya. Umma ta kwashe kwanuka.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 5:55 na safe

Na yi wanka, na sa kayan makaranta. Na ciro wasiƙar daga littafin. Ta ɗauki ƙamshin turaren da nake fesa wa shafuka, ba yadda zan yi da wannan.

Gobe ne ƙarfe goma. Yana da yau ɗaya, ya kai kwat ɗinsa guga, ya je ya ga Dakta in za ta saurare shi. Wataƙila duk da haka su ce ya tafi. Wataƙila daga yau ya nemi wani mai karatun, ko ya koma wa Umma da "da sauransu" ɗinta. Na juya wannan a raina na ga ban ji komai ba.

Tun da na farka nake lura da abu ɗaya. Kwanan wata yana can sama a kusurwar dama, da ƙananan lambobi. In na riƙe takardar a hannuna na fara daga "Zuwa ga Manajan Darakta," ba zai gani ba. Zan iya cewa jiya ta shigo jaka, ta maƙale a aljihun ciki. Zai zagi sakatariya, ya zagi hukuma, ni kuma ya ce sannu da ƙoƙari. Umma ba za ta tona ba.

Amma lamba ce. Ita kam yana iya karanta ta da kansa, ba sai da ni ba.

Na ji ƙarar cokali a kofi. Ya ja kujera.

A hannunsa zan sa ta, a buɗe, in ɗora masa yatsa a kan kwanan watan. In ya gama gani, sannan in karanta masa sauran.